Hukuncin Sana'ar Editin Fim da Shirye-shiryen Talabijin

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni edita ne, shekarata huɗu ina yanka da haɗa hoto, wani lokaci fim, wani lokaci hirarrakin talabijin. Ba ni ke rubuta labari ba, ba ni ke riƙe kyamara ba, abin da aka ɗauko ake kawo mini in zauna gaban kwamfuta in tsara. Wani abokina ya ce kuɗina haramun ne tunda harkar hoto ce. Sannan kwanan baya furodusa ya sa na yanke maganar wani baƙo a hira, ta yadda za a ji kamar ya amince da abin da a gaskiya musantawa ya yi, wai haka ake yi ko'ina. Na yi, an kuma watsa, amma raina bai kwanta ba. Mene ne matsayina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, maganar abokinka ba za mu daɗe a kanta ba. A mazhabar Imamu Malik, surar da aka haramta ita ce ta abu mai rai, mai jiki da inuwa, cikakkiyar halitta, irin gunki. Hoton bidiyo ba haka yake ba. Hotuna ne 24 ko 25 ke giftawa a kowace daƙiƙa har ido ya ga motsi, babu abin da aka sassaƙa. Daga malaman wannan zamani, Shaihu Ibn Usaimin, wanda ya rasu a 2001, yana cikin waɗanda ba su sanya bidiyo a hadisan masu sura ba. Akwai waɗanda suka tsananta, muna girmama su, amma ni abin da ya rinjaya a wurina shi ne halasci. Aikinka ƙwadago ne, abin da fiƙihu ke kira ijara, kuma sharaɗin ijara shi ne amfanin da aka biya ka dominsa ya zama halal. Idan abin da ya fito daga hannunka halal ne, ladanka halal ne.

Inda zan tsaya shi ne cewar da ka yi ba kai ke rubuta labari ba, ba kai ke riƙe kyamara ba. Na ji kamar kana son ka ce kai hannu ne kawai. Ban yarda ba, kuma masu sana'arka ma ba su yarda ba. Kimanin shekara ɗari da suka wuce, wani mai shirya fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki fuskar wani jarumi wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, sannan da yarinya a cikin akwatin gawa, sannan da wata mace a kishingiɗe. Masu kallo suka ga yunwa a ta farko, baƙin ciki a ta biyu, sha'awa a ta uku, alhali fuskar ɗaya ce. Wa ya sanya ma'anar? Mai almakashi. A wancan lokaci da hannu ake yanka fim a manne shi, yau kuna yi da manhajojin kwamfuta irin su Premiere Pro ko Avid ko DaVinci Resolve, amma ikon bai ragu ba, sai ma ƙaruwa. Wanda yake da irin wannan iko ba zai ce wa Allah shi ɗan aike ne ba.

Saboda haka abin da ka yi wa baƙon nan haramun ne, babu kokwanto. Taƙaita hira halal ne: mutum ya yi magana ta sa'a guda, lokacin shiri minti goma ne, sai ka cire maimaici da tari da in'ina, ka bar manufarsa yadda take. Wannan ma kyautatawa ce. Amma ka cire "ban" da "ba" daga "ban yarda ba", ko ka ɗauko "eh" da ya faɗa a wata tambaya ka liƙa a ƙarƙashin wata, ka rufe wurin yankan da hoton mai tambaya yana gyaɗa kai don kada a gane, wannan ƙarya ce da bakin wani, kuma shaidar zur ce a gaban duk wanda ya kalla. Allah ya zargi masu karkatar da magana daga wurarenta a Suratun Nisa'i, aya ta 46. Ko ɗan makarantar allo ya san wanda ya karanta "Fa wailun lil musallin" ya yi shiru, bai ƙara harafi ko ɗaya ba, amma ya juya ma'anar ayar. Kuma Muslim ya ruwaito Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. An cuci baƙo, an cuci mai kallo. "Haka ake yi ko'ina" ba hujja ba ce, kuma babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci.

Ba ka tambayi fitowar da ke da tsiraici ko rawar batsa ba, amma duk edita zai gamu da ita. Idan an ba ka don ka cire ko ka rufe, aikin lada ne, ka kalli gwargwadon buƙata kawai. A nan akwai jarrabawar da ta keɓanci sana'arku: mai kallo sau ɗaya yake gani, kai kana mayar da wuri guda sau talatin. Annabi (SAW) ya ce wa Sayyidina Ali kada ya bi kallo da kallo, na farko nasa ne, na biyu ba nasa ba. Idan kuwa an ba ka ne don ka ƙawata, ka rage gudun hoto a kan jikin mace, ka matso da shi kusa, to kai ne ka gama ginin, kuma aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi. Kiɗa kuwa, jumhurun malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa in ban da duffi, Ibn Hazmin ya halatta. Inda ka samu iko, ka wadatu da murya da sautin wurin da aka yi ɗauka.

Abin da ya rage a kwamfutarka bayan an gama shiri, wato suɓutar baki da wanda aka ɗauka bai shirya ba, amana ce. Fitar da shi a intanet cin amana ne ko da an sallame ka daga aiki.

Yanzu ga abin da ke kanka. Ka tuba. Ka koma wa furodusa da ladabi ka nemi a watsa cikakkiyar amsar baƙon ko a yi gyara a shiri na gaba, domin haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai. Idan ya ƙi, ka sanar da baƙon abin da ya faru, ka nemi yafiyarsa. Kuɗin da ka karɓa na wannan shiri, ka ƙiyasta rabon wancan yankan ka fitar da shi ga mabuƙata, sauran albashinka halal ne. Ba na ce ka bar aikinka ba, ina ma son masu tsoron Allah su yi yawa a kan wannan kujera. Sai dai idan ka ga irin wannan umarni ya zama shi ne abincin gidan kullum, ka faɗa an ƙi ji, to ka fara neman wani wuri tun yau, ka tashi da zarar ka samu, kafin nan kuma kada ka sake sa hannu a irinsa.

Wallahu a'alam.