Kachalla ce ko kajiji, kuma wuta tana kashe ta?

Tambaya: Doguwar ciyawa ta mamaye gonata ta shinkafa a fadamar Hadejia, har ta toshe hanyar ruwa. Wasu suna ce mata kachalla, wasu geron tsuntsu, wasu kuma kajiji. Mai sayar da maganin feshi ya ce duk abu ɗaya ne, in banka mata wuta da rani sannan in zuba magani a ruwan. Ina tsoron kada in rasa noman bana.

Amsa: Malam, tsoronka yana kan hanya. Kachalla da geron tsuntsu tsiro ɗaya ne, wanda masana ke kira Typha: ganyensa dogo ne mai faɗi, yakan fi mutum tsawo, kansa kuma mai launin ƙasa ne kamar zangarniyar gero. Kajiji daban yake, karansa siriri ne mai gaɓa-gaɓa, kuma saiwarsa mai ƙamshi ce mata ke haɗa turaren wuta da ita. Wadda ke toshe hanyar ruwa a yankinku kachalla ce, kuma ta samu gindin zama ne bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, domin wuraren da a da suke bushewa da rani yanzu ruwa yana kwanciya a cikinsu duk shekara.

Batun wuta da magani kuwa, na gaji da jin sa a bakin masu tallar kwalabe a kasuwa, waɗanda ko takardar da ke jikin kwalbar ba su karanta ba. Ran kachalla yana cikin kakkaurar saiwarta da ke rarrafe a ƙarƙashin laka. Wuta ganye kawai take ci, ta bar toka, ta buɗe wa sabon toho hasken rana, shi ya sa bayan 'yan makonni za ka ga wurin ya sake yin kore shar. Magungunan da ke ƙone ganye, irin su paraquat, su ma ba sa kaiwa ga saiwar, kuma guba ne mai kisa ga ɗan Adam. Wanda ya tuttula magani a ruwan fadama ya tuna cewa a nan masunta ke kamun kifi, makiyaya ke shayar da shanu, yara ke wanka, mata ke ɗiba su kai gida. Wa zai ɗauki alhakin waɗannan a gaban Allah? Mai kwalba dai ya karɓi kuɗinsa ya wuce.

Abin da ke aiki shi ne yankan ta a ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi guda, domin ta ganye take aika iska zuwa saiwa. Idan ruwa ya rufe kututturen, saiwar takan ruɓe. A maimaita sau biyu ko uku da zarar ta toho, a kwashe abin da aka yanka zuwa tudu. Ku yi gayya da maƙwabtan gona, saboda irinta iska ke kwasa. Ku sa dogon takalmin roba, domin ruwan kachalla matattarar dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya ce.