Hukuncin allurar rigakafin HPV ga ɗalibar da ba ta yi aure ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a jami'a, shekaruna 20, ban taɓa aure ba. Ana yi wa ɗalibai mata allurar rigakafin HPV, amma mahaifina ya ce ban da ni, wai ai ta masu bin maza ce. Ƙawayena kuma suna cewa tana hana haihuwa. Ya halatta in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ya halatta, 'yata, kuma a fahimtata yinta ya fi barinta.

Malamai ba sa yanke hukunci a kan abu sai sun san shi, don haka mu fara daga nan. HPV ƙwayar cuta ce da ake ɗauka galibi ta saduwa. Tana da nau'o'i masu yawa, amma guda biyu, na 16 da na 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan sankara ta kashe mata kimanin 350,000 a duniya a shekarar 2022 kaɗai. Ita allurar tun 2006 ake amfani da ita. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta, siffar ɓawon ƙwayar ce kawai ake nuna wa jiki don ya gane ta idan ta zo.

Neman kariya kafin cuta ta sauka abu ne da Sunna ta tabbatar. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ci dabinon ajwa bakwai da safe, guba ko sihiri ba za su cutar da shi ba a wannan rana. Wannan ai rigakafi ne tsagwaronsa, kuma da shi Shaikh Ibn Baz ya kafa hujja wajen halatta allurar rigakafi. Haka Sayyidina Umar, da ya ji labarin annoba a Sham ya juya da jama'a, ya ce suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Maganar mahaifinki kuwa, kishin mutuncinki ne ya sa shi faɗa, Allah Ya saka masa. Sai dai akwai abin da ya shige masa duhu. Mace kamila, wadda ba ta taɓa sanin namiji ba sai mijinta, tana iya kamuwa a ɗakin aurenta. Mijin ma ba lallai fasiƙi ba ne. Wataƙila ya taɓa aure, ya ɗauko ƙwayar ta hanyar halal, ga shi yawanci ba ta nuna wata alama, shi kansa bai san yana ɗauke da ita ba. Shi ya sa likitoci suka fi son a yi allurar tsakanin shekara 9 zuwa 14, domin tana tare ƙwayar ne kafin ta shiga, ba ta warkar da wadda ta riga ta shiga. Ke nan budurwa irinki ce ma za ta fi cin moriyarta. Wanda ya ga yarinya a layin allura ya ce lallai tana da wani nufi, ya faɗa cikin zaton da Allah Ya hana a Suratul Hujurat.

Batun hana haihuwa magana ce ta ji-ta-ji-ta, binciken likitoci bai tabbatar da ita ba. Abin da na sani yana raba mace da haihuwa shi ne ita kanta sankarar, idan ta kai ga an cire mahaifa. Mai juna biyu dai ana jinkirta mata allurar har ta sauka.

Kada ki yi a ɓoye, kada kuma ki ɗaga wa mahaifinki murya. Ki bi ta hannun mahaifiyarki, ko ku je tare wurin likitar da ya amince da ita, ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Likitar ce za ta faɗa miki ko sau ɗaya za a yi miki ko sau biyu. Bayan aure kuma ki riƙa zuwa gwajin bakin mahaifa, domin allurar ba ta tare dukkan nau'o'in ƙwayar.

Allah ne Mafi sani.