Me ya sa masana ke ta lissafi a kan atam ɗin sodiyam?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin fiziks ne a Marwa. An koya mana cewa haske na iya fizge elektron daga atam. To, me ya sa ake wahalar lissafa wannan a kan sodiyam, alhali an ce atam ne mai sauƙi?

Amsa: Ƙanena, sauƙin nasa a ido ne kawai. Elektron 11 gare shi, goma sun dunƙule a ciki, ɗaya tilo yana waje a matakin kuzari da ake kira 3s. Kafin a fizge shi sai ƙwayar haske ta zo da kuzarin eV 5.14 (eV ma'aunin kuzari ne a fagen atam), wato ultrabayolet mai tsawon zango kusan nanomita 241. Hasken nan ruwan ɗorawa na fitilun titi, mai nanomita 589, eV 2.1 ne ƙarfinsa. Iyakacinsa ya ɗaga elektron zuwa mataki na gaba, 3p.

Abin da ake lissafawa shi ne yiwuwar fizgewar a kowane kuzari. Ana warware lissafin Schrödinger, wanda ke siffanta elektron a matsayin igiya, sau biyu: igiyar elektron yana ɗaure, da igiyarsa bayan ya kuɓuce, sannan a auna yadda suka haɗu. Nan gizo ke saƙa. Igiyar 3s tana sauya alama sau biyu, wani sashe ƙari, wani ragi. Kaɗan sama da eV 5.14 sai sassan su cinye juna, yiwuwar ta faɗi kusan sifiri. Wannan kwarin da sunan John Cooper ake kiransa, saboda aikinsa na 1962. Haidurojin a matakin 1s ba shi da shi, don igiyarsa ba ta sauya alama.

Kamar ɗan kasuwa ne da ribarsa da asararsa suka kusa zuwa ɗaya: kuskuren dala biyar a littafi sai ya juya sakamakon. Shi ya sa hanyar Hartree da Fock, mai ɗaukar goman ciki kamar ba sa motsi, ba ta sa kwarin daidai wurinsa. Dole a saka yadda na waje ke karkata su. Tun 1951 kuma masanin fiziks Seaton ya nuna cewa juyin elektron a kan kansa (spin) ne ke hana kwarin taɓa sifiri.

Igiyar elektron da ya kuɓuce ita ce dai ake buƙata wajen lissafin elektron da ya yi karo da sodiyam mai caji ya bauɗe, don haka aiki ɗaya na biyan buƙata biyu. Ni a ganina, da sodiyam ya kamata ka fara, ƙaramar kwamfutarka ma ta isa lissafin farko.