Likita na amsa tambayoyin 'yan rawa kan fata da kwalliyar fuska

Assalamu alaikum. Wannan satin saƙonnin da suka taru kusan duk daga 'yan rawa suke, masu fitowa a bidiyon waƙa da masu zuwa biki, har da wani ɗan koroso. Na cire sunaye kamar yadda aka saba.

TAMBAYA: Salam likita dan Allah a taimaka min, ni 'yar rawa ce muna fita lokeshin tun safe a mana mekof kuma ba'a tashi sai dare, in zufa ta ɓata a ƙara hoda akai. Yanzu goshina da haɓata duk ƙuraje ne, in sun mutu su bar baƙin tabo shine nake ƙara fandeshin dan in rufe. Sabulun salo nake dirzawa da lemon tsami amma abin sai ƙaruwa yake.

AMSA: Wa'alaikissalam ƙanwata. Lemon tsamin nan ki ajiye shi daga yau, domin in ruwansa ya zauna a fata kika shiga rana ƙona wurin yake ya ƙara baƙi. Dirzar ma ki daina. Fatarmu ta baƙar fata duk inda ta kumbura ko ta ji ciwo sai ta bar tabo, to kinga ke da hannunki kike ƙara tabon da kike son ya tafi.

Abin da ke faruwa shi ne fuska tana da ƙananan ƙofofi da maiƙo ke fitowa ta cikinsu, kin sa fandeshin mai kauri tun safe, ga rana ga fitilar shutin ga tsalle-tsalle, maiƙo da matacciyar fata da hoda duk sun cakuɗe sun toshe ƙofofin, sannan aka zo aka ƙara wata hodar a kan jiƙaƙƙiyar fuska da soson da aka shafa wa mutum biyar kafin ke. In zufa ta zo ki sa tishu ki danna a hankali ya tsotse, kar ki goge, sai ta bushe a ƙara hodar. Kuma ki sayi sosonki da buroshinki ki riƙa tafiya da abinki, ki wanke su da sabulu duk sati ki shanya su bushe sosai. Mai kwalliyar da ta san aikinta ba za ta ji haushi ba.

Amma babban wurin da ake faɗuwa shi ne dare. Na san an dawo ƙarfe ɗaya ko biyu ƙafa na ciwo, sai a ce bari in ɗan kwanta, shikenan sai asuba. Shi ya sa nake cewa ki cire tun a lokeshin kafin ki shiga mota. Irin mekof ɗin da kuke sawa an yi shi ne don kar zufa ta wanke shi, saboda haka ruwa da sabulu kaɗai ba sa fitar da shi. Ki fara da ruwan goge kwalliya a auduga, wanda ake rubuta micellar water a jikinsa, har sai audugar ta fito fes, in kin je gida ki wanke da sabulu mara ƙarfi da tafin hannu kawai, ki shafa mai mara nauyi. Wajen sayen fandeshin ki duba wanda aka rubuta oil-free ko non-comedogenic. Ƙurajen goshi kuma sau da yawa jel da man gashi ne ke gangarowa da zufa ƙarƙashin ɗaurin ɗankwali, ki rage su.

Na magani, ki nemi maganin shafawa benzoyl peroxide mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 a kemis mai rajista, ki fara da kaɗan dare ɗaya ki tsallake ɗaya don yana busar da fata, kuma yana cinye kalar kaya, kar ki kwanta a kan rigar filo mai kyau. Sai kin ba shi sati 6 zuwa 8 kafin ki ce bai yi ba. Da safe ki sa man kariyar rana mai lamba 30 ko sama kafin mekof, shi ke hana tabon ƙara duhu. In ƙurajen manya ne masu zafi a can ciki, wannan ba na kemis ba ne, ki zo asibiti.

TAMBAYA: Dokta ni baƙa ce, da na fara fita ana ta ajiye ni a layin baya ana cewa kyamara tafi son farare, wata ƙawata ta haɗani da mai haɗin mai. Shekara biyu kenan ina shafawa nayi haske sosai amma yanzu jijiyoyi sun fito kore a cinyata, ga nankarwa ja a hammata da hannu, gaɓoɓin yatsuna baƙi ƙirin, gefen idona ya fara wani duhu. Dana daina kwana uku fuskar ta ɗau zafi kamar an zuba barkono dole na koma. Ya zanyi?

AMSA: 'Yar uwa saƙonki ya taɓa ni, kuma ba zan yi miki faɗa ba, domin wanda ya tura ki layin baya saboda kalar da Allah Ya ba ki shi ya fara laifin. Amma zan faɗa miki gaskiya yadda take.

Haɗin nan da ake zubawa a roba ba suna ba lamba, yawanci abu uku ne a ciki, ko ɗaya ko duka. Na farko sitiroyid, irin su clobetasol da betamethasone, waɗanda ke cikin ƙananan tub ɗin nan da ake matsewa a cikin mai. Magani ne na gaske da muke rubutawa na ɗan lokaci, amma in aka shekara ana shafawa sai fata ta siraɗe ta yi laushi kamar ledar da aka ja, shi ne jijiyoyin da kike gani da nankarwar, kuma jiki yana tsotse shi ya shiga jini ya kawo hawan jini da ciwon suga. Ke kuma da kike rawa, ƙaramar faɗuwa ko gurjewa sai ta zama gyambon da ya ƙi warkewa. Na biyu hydroquinone, wanda hukumar NAFDAC ta hana ya wuce kashi 2 cikin 100 a kayan shafa. Daɗewa a kansa yana jawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da gefen ido wanda yake da matuƙar wahalar fita, shi nake tsoron ya fara miki. Na uku zaiba, ita kuma ƙoda take lalatawa da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, tana ratsawa ta kai ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Abin ya yi yawan da a shekarar 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya.

Zafin da kika ji da kika daina, alama ce mai ƙarfi cewa akwai sitiroyid a ciki, fatar ta saba da shi. Don haka ba na so ki yanke rana ɗaya ke kaɗai a gida, bayan shekara biyu ana shafawa a jiki duka yankewar farat ɗaya tana iya jawo kasala da jiri da faɗuwar jini. Ki ɗauki robar haɗin da duk tub ɗin da kika sani ki je wajen likitan fata, akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano da asibitin koyarwa na Shika a Zariya da sauran asibitocin koyarwa. Za a auna jininki da suga da ƙoda, a sauko da ke a hankali. Kafin nan kar ki ƙara komai a kai, ba dilka ba kurkur ba sabulun haɗi, man kaɗanya ko basilin ya isa, da man kariyar rana kullum.

Ki shirya wa abu biyu. Kalarki za ta dawo, wataƙila ma ta fi da duhu na wasu watanni kafin ta daidaita, nan ne mafi yawa suke karaya su koma. Nankarwar kuma za ta dushe amma ba ta ɓacewa gaba ɗaya, duk wanda ya ce yana da man da zai share ta kuɗinki yake so. Maganar kyamara kuwa, aikin mai haske ne da mai kwalliya su san yadda ake fito da baƙar fata, a samo fandeshin daidai kalarki a saita fitila, ba aikin ƙodarki ba ne.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni ɗan koroso ne, muna wasa a rana wajen biki da taro. Bayana da ƙirjina sun yi dabbare-dabbare fari-fari kamar kyasfi, in nayi gumi yana ɗan ƙaiƙayi. Abokai sunce daga kayan wasan da muke karɓa-karɓa na ɗauka.

AMSA: Malam yadda ka kwatanta kyasfi ne. Wani naman gwari ne ke kawo shi wanda dama yana zaune a fatar kowa, zafi da gumi da maiƙo ne ke sa ya yi yawa, don haka ba lallai daga wani ka ɗauka ba. Ka sayi shamfu mai ketoconazole kashi 2, ka shafa a wuya da baya da ƙirji ka bar shi minti 5 ka wanke, kullum har kwana 5. Farin ba zai tafi nan take ba, yana ɗaukar watanni kafin kala ta haɗe ko da ƙwayar ta mutu, kuma yana son dawowa da bazara, sai ka riƙa maimaitawa sau ɗaya a wata. Kar ka yarda a ba ka tub ɗin nan mai maganin komai da komai, sitiroyid ɗin ciki ƙara masa ƙarfi yake.

Kayan karɓa-karɓa kuma suna da nasu, makero da ƙazuwa ta nan suke yawo. Ka sa singiletinka ta auduga a ciki, ana gama wasa ka cire jiƙaƙƙun kaya ka watsa ruwa, kayan a wanke a shanya a rana kar a cusa su a buhu da danshinsu. In ka ga wani farin tabo da ba ka jin taɓi a kansa, wannan daban ne, ka je a duba da wuri.

TAMBAYA: Likita duk fita sai an samin gashin ido, yanzu fatar idona tana kumbura tana ƙaiƙayi, hazbiya ta fito min sau biyu, gashin idona na gaske ma ya fara zubewa. Mamata tace in dinga sa kwalli zai wanke idon.

AMSA: Ƙanwata ki fara tambayar wane gam ake sa miki. Wasu da gam ɗin ƙarin gashin kai suke liƙawa don ya fi riƙewa a rawa, shi kuwa ba a yi shi don ido ba. Ko na idon ma wasu jikinsu ba ya karɓar robar da ke ciki. Ki huta da gashin ido har kumburin ya sauka, kuma in za ki cire kar ki fizge, ki jiƙa da ɗan mai a auduga ya saki da kansa, fizgar ce ke tafiya da naki. Hazbiya ki riƙa dumama ta da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi minti 10 sau uku ko huɗu a rana, kar ki matse. Maskara da gazal ba a aro, ta nan afolo ke zagaye 'yan tawaga gaba ɗaya, kuma maskara in ta yi wata 3 da buɗewa ki yar.

Maganar kwalli, a gaishe da Mama, na san da kyakkyawar niyya ta faɗa, haka duk muka taso muka gani. Sai dai kwallin dutse mai ƙyalli ɗin nan yawancinsa dalma ce. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da aka samu dalma ta hau a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka ga sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 bai kamata mu ɗauke ta da wasa ba. Ba ya wanke ido, kuma don Allah kar a sa wa jarirai. In idon ya yi ja yana zafi, ko gani ya dushe, ko haske na damunki, ranar ki je asibitin ido.

TAMBAYA: Anyi min baƙin lalle zamuyi wasa, bayan sati wurin ya tashi yayi ƙuraje masu ruwa daidai zanen fulawar.

AMSA: Lalle na gaskiya ja yake yi, ba ya baƙi. Abin da ke sa shi baƙi cikin minti kaɗan dayis ɗin rina gashi ne, mai sinadarin da ake kira PPD, kuma jikinki ya nuna ba ya son sa. Kar ki fasa ƙurajen, ki wanke da ruwa ki je a rubuta miki maganin shafawa na 'yan kwanaki, in ya fara ruwan mugunya ko fuska ta kumbura ki hanzarta. Wanda jikinsa ya taɓa yin haka yawanci ya riƙe ke nan har abada, kuma karo na biyu ya fi na farko muni, don haka baƙin lalle da baƙin rinin gashi duka ki bar su, ki gaya wa mai lalle tun kafin ta kwaɓa cewa ja zalla za ta yi miki.