Gidan da ke da kare: tayil za a sa ko daɓen siminti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna gyaran gidanmu a Garwa ta ƙasar Kamaru kafin damina. Muna da karen gadi, da rana a baranda yake kwanciya, da dare ya zagaya tsakar gida. Maigidana yana son tayil mai sheƙi irin na falon ƙanwarsa, ni kuwa wanki da wari nake tunani. Wanne za mu saya? Daga wata uwargida.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ki lallaɓi maigida ya kai mai sheƙin nan falo, inda karen ba ya shiga. A baranda ba zai yi ba. Na taɓa ganin wani ƙaton kare ya zabura da jin an taɓa ƙofa, an gama wanke baranda ke nan, ƙafafunsa na baya suka baje, ya daki gini da ƙugu. Ya yi makonni yana ɗingishi, abin tausayi. Santsin da ya kayar da shi kuwa ba zai bar tsohuwa mai ɗauke da buta ba.

In kun je shagon masu karo, kamar yadda muke kiran tayil a nan, ku nemi wanda aka rubuta grès cérame a kwalinsa, mai ɗan kaushi. Ruwan da irinsa ke sha bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba, don haka fitsari ba ya ratsa shi, farce ma ba ya kankare shi. Ku duba alamar R10 ko R11, ita ke nuna ƙarancin santsi. In babu alama, ki zuba ruwa a kan guda ɗaya ki goga tafin hannunki, hannun zai gaya miki gaskiya. Ki ɗauki launin ƙasa-ƙasa, yana ɓoye gashi da ƙurar hunturu. Baƙin tayil kuwa kada ya kusanci inda rana ke faɗawa: a Maris da Afrilu zafin Garwa yana wuce digiri 40, tafin ƙafar kare ƙonewa zai yi.

Amma inda nake so ki fi sa ido shi ne kan aikin magini. Warin da kike tsoro a tsakanin tayil yake zama, kaskar kare kuma a tsagar ƙasa da ta bango take ɓuya ta yi ƙwai. Ki tsaya a cike kowace tsaga tam, a gangarar da ƙasan kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa makwarara. Kafin a sallame shi, ki sheƙa bokitin ruwa ki ga inda ya nufa. In ya kwanta a lungu, aiki bai ƙare ba.

Tsakar gida kuwa daɓen siminti ya isa, ga shi ana yin simintin nan kusa da mu a Figil. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7, in ya bushe a shafa masa maganin da ke toshe ƙofofin siminti, don in an bar shi haka yana shan fitsari. Wajen wanki kuma ki fara kore fitsarin da ruwa kafin ki zuba jabel, wato ruwan bilic, haɗuwarsu tana tayar da iska mai cutar da ƙirji.

Tambaya: Ni ma ina da kare, amma haya nake a Marwa, ba zan iya fasa ƙasa ba. Leda ko kafet? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗan'uwa, kafet gidan ƙuma ne, ka ajiye shi a ɗakin da kake salla, ka riƙa jan ƙofa. Inda karen ke kwana ka shimfiɗa leda mai kauri, falle ɗaya ba haɗi, ka manne bakinta da ƙasa don kada ruwa ya shige. Siririyar nan ta araha farce zai yayyaga ta tun ba a je ko'ina ba. Ka ɗora masa tsohon buhu ko tabarmar roba da za ka iya wankewa ka shanya.