Yadda Muke Lissafin Lokaci a Makka

Malam, ka tambaya me ya sa 'yan'uwanka na nan ba sa yanka alƙawari da ƙarfe kaza, sai dai su ce "bayan la'asar" ko "bayan isha", kuma me ya sa suke kiran ka ƙarfe goma na dare kana jin hayaniyar yara a bayansu.

Tazarar agogo ita ce mai sauƙi: Saudiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa 2, rani da damina. Goma ɗinka sha biyunmu ce, kuma a unguwannin Makka irin su Shara Mansur ko Jarwal a wannan lokacin hira ba ta watse ba. Zafi ne ya tura rayuwa cikin dare. A bazara yakan wuce digiri 40, har hukuma ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Ziyara da biki da cefane duk sai bayan isha.

Inda baƙo ya fi tuntuɓe shi ne azahar. A gida an saba yin ta wajen ƙarfe biyu. Nan ana kiran ta da zarar rana ta karkata, tsakanin sha biyu da 'yan mintuna zuwa sha biyu da rabi, gwargwadon watan da ake ciki, a tayar da iƙama bayan kamar minti 20. Wanda aka ce masa "bayan azahar" ya zo da lissafin Kano, zai tarar an ci abinci an kwanta. Isha kuwa a jadawalin Ummul Ƙura, wato kalandar hukumar Saudiyya, ba a duba ɓacewar shafaƙi: minti 90 ne bayan magariba, a watan azumi minti 120. Kuma agogon ƙasar ɗaya ne amma rana ba ɗaya ba, domin Riyad kan riga Makka kiran azahar da kusan rabin awa. Saboda haka in aka ce maka bayan wata salla, tambayi garin.

Dattawanmu sun ga abin da ya fi wannan. Har ƙarshen shekarun 1960 da agogon Larabawa ake aiki a Hijaz, wanda ake mayar da shi kan sha biyu duk faɗuwar rana, isha ta kama ɗaya da rabi. Agogon ya tafi, amma tunaninsa na nan: dare ne ke gaba da yini, kwanan wata na Musulunci yana juyawa da magariba. Tikitin jirgi bai san wannan ba, shi da sha biyun dare yake juyawa. Jirgin da aka rubuta ƙarfe 1 na dare ranar Asabar, daren Juma'a wayewar Asabar ake tafiya filin jirgin Jidda. Mai jiran Asabar ta yi duhu, jirgi ya bar shi da kwana guda.

Kalanda biyu muke riƙewa. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta miladiyya da kwana 10 zuwa 11, shi ya sa mai shekara 33 a takardun nan bai wuce 32 a lissafin gida ba. A 2016 aka mayar da albashin ma'aikatan gwamnati kan watan miladiyya, a 2023 aka mayar da yawancin mu'amalar hukuma. Duk da haka, duk takardar da ke da wa'adi, igama (takardar izinin zama) ce ko yarjejeniyar haya, a duba da wace kalanda aka rubuta ta, don kwana goma sun isa jawo tara. Kalandar Ummul Ƙura lissafi ce da aka buga tun kafin watan ya zo. Azumi da salla da aikin Hajji sai Kotun Ƙoli ta tabbatar da ganin wata daga wurare irin su Sudair da Tumair. Ku kuma Sarkin Musulmi kuke saurare, kuma a ganinmu babu abin gardama in aka sami bambancin kwana ɗaya. Hutun mako tun 2013 Juma'a da Asabar ne, Lahadi ranar aiki ce.

Akwai lokacin da mu da ku muke iya kamawa tare ba tare da lissafi ba. Sau biyu a shekara rana na tsayawa daidai saman Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, da 15 ko 16 ga Yuli da 12:27. A Kano 10:18 da 10:27 na hantsi ke nan. A wannan mintin duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. Ka sami ƙasa mai baje, ka kafa sanda a miƙe, ka gwada miƙewarta da zare mai dutse a ƙasa, domin in ta karkace ko kaɗan inuwar za ta yi maka ƙarya. Daidaita agogonka da na waya. Da mintin ya cika ka ja layi a kan inuwar. Daga bakin inuwa zuwa gindin sanda, nan ce alƙibla. Na watan Mayu ya fi tabbas a ƙasar Hausa, saboda a Yuli hadari kan rufe rana. In ya rufe a ranar, washegari a wannan mintin ma ya wadatar.