Ya faɗo daga kabu-kabu, har yanzu jiri bai sake shi ba

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 19 ya faɗo daga kabu-kabu a Arkilla, kansa ya bugi kwalta. An ɗauki hoton kai, aka ce ƙwaƙwalwa ce ta girgiza, babu jini. Mako uku ke nan, in ya yi sujada ko ya juya bisa katifa sai ɗaki ya riƙa juya masa. An tura mu sashen gashin ƙashi, alhali bai karye ba. Mu je? Wata uwa, Sakkwato.

Amsa: Hajiya, ku je, kada ku tsaya wata-wata. Jirin da ke tasowa in an sunkuya ko an juya, sau da yawa daga can cikin kunne yake: bugu kan goce da wasu 'yan ƙananan tsakuwoyi masu taimaka wa mutum tsayuwa daidai. Ma'aikacin zai kwantar da shi, ya juya kansa mataki-mataki har su koma mazauninsu. Zai kuma duba wuya, don ciwon kan wasu daga nan yake.

Kulle yaro a ɗaki mako da mako ba magani ba ne. Hutun kwana ɗaya ko biyu ya isa, sannan tafiyar ƙafa kaɗan-kaɗan, da sassafe kafin ranar Sakkwato ta buɗe. Ƙwallo da tuƙa babur dai a dakata sai likita ya sallame shi.

In kuwa amai ya yawaita, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci ya yi nauyi ba ya tasuwa, ko farfaɗiya, ku garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo nan take.